Ga ɗana da ya bugo waya: alhakin harsashi a wuyan wa yake?

Assalamu alaikum, ɗana.

Ban san fuskarka ba, muryarka kawai na ji. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya, 15 ga Janairu, da aka gayyace mu tsofaffin sojoji gidan rediyo a nan Jos, kai ne na ƙarshe da ya bugo. Ka ce daga Unguwar Rogo kake, sunanka ya fito cikin masu tafiya horon kurata a Zariya, kuma mahaifiyarka ta kasa barci. Sai ka tambaye ni: idan na gaba ya ce harba, alhali wanda ke gabanka ko sanda bai riƙe ba, alhakin a wuyan wa yake? Na buɗe baki ke nan aka ce lokaci ya ƙare. Tun ranar abin yake cina.

A wuyanku yake ku biyun. Wanda ya ba da oda zai ɗauki nasa, kai da yatsanka ya ja kunama za ka ɗauki naka, kuma nasa ba zai rage maka komai ba.

Amma kada ka ji haka ka tafi Zariya da taurin kai. Can za a koya maka ka bi oda tukuna, ƙorafi daga baya, kuma wannan koyarwa ta sha ceton rayuka a gabana. Ranar da aka yi muku kwanton ɓauna saje ya ce kwanta, wanda ya tsaya tambayar dalili shi za a ɗauko a makara. Kusan duk odar da za ka ji a aikinka halal ce, ko da mai ɗaci ce, ko da kana ganin wauta ce, ko da za ta kai ka inda ba ka da tabbacin dawowa. Tsoro ba ya mayar da oda haramtacciya. A Disambar 2014 kotun soja a Abuja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan ƙin fita yaƙar Boko Haram, duk da kukan da suka yi na rashin makamai. Daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10. Ƙin oda ba wasa ba ne. Abin da ka tambaya kuwa wani fili ne ƙunƙuntacce: odar da ko jahili ya ji ya san ɓarna ce. Kashe wanda ya ɗaga hannu, harbin wanda aka ɗaure, taɓa mace, azabtar da kamamme, ƙona gari saboda laifin mutum biyar.

Dokar sojojinmu kanta, inda take hukunta ƙin biyayya, cewa ta yi umarnin da ke bisa doka. Ba yau aka fara ba. A 1967, lokacin yaƙin basasa, Janar Gowon ya fitar da ƙa'idojin yaƙi ga dakarun tarayya, ya hana taɓa mata da yara da wanda ya miƙa wuya. Duk da haka, a watan Oktoban 1967 ɗin dakarun tarayya suka karkashe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba, don takarda ba ta riƙe bindiga, hannun mutum ke riƙe ta. Bayan yaƙi, a 1972, Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifin kisan kai a kan wani hafsan Biyafara, Pius Nwaoga, kan kisan mutumin da ba shi da makami, duk da ya ce aiko shi aka yi. Duniya ma ta daɗe da rufe wannan ƙofa. A shari'ar Nuremberg ta Jamus, da aka yi wa manyan mutanen Hitler bayan yaƙin duniya na biyu, babban kwamanda Wilhelm Keitel ya fake da cewa umarnin Hitler ya bi, aka rataye shi ranar 16 ga Oktoba, 1946.

Na san abin da za a faɗa maka a gida: bin na gaba bin Allah. Haka ne, amma malamanmu ba su tsaya nan ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa tura runduna, shugabanta ya fusata ya sa aka hura wuta ya ce su shiga. Suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi, ya ce da sun shiga da ba su fito ba, biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin ƙabilar Banu Jazima. Khalid ɗan Walid, gwarzon da babu mai shakkar jarumtarsa, ya ce kowa ya kashe kamammen da ke hannunsa. Abdullahi ɗan Umar ya rantse ba zai kashe nasa ba, kuma babu wanda zai kashe cikin mutanensa. Da suka dawo Annabi bai zargi Abdullahi ba. Hannu ya ɗaga ya ce ya barranta ga Allah daga abin da Khalid ya aikata. Ka kuma duba Suratul Ƙasas, aya ta 8: da aka ambaci masu laifi ba a tsaya kan Fir'auna da Hamana ba, har rundunoninsu aka haɗa. Wani abokin aikina Kirista, mutumin Pankshin, ya taɓa ba ni irinsa daga littafinsu: Sarki Saul ya ce wa dogarawansa su kashe firistocin Nob, suka ƙi ɗaga hannu, sai da aka samo wani Doyeg ya yi. Kullum ana samun Doyeg. Roƙona kada ya zama kai.

Yanzu bari in gaya maka abin da ba a koyarwa a filin fareti. Mummunar oda ba ta zuwa da sunanta. Ina kofur, a wata ƙasa da aka tura mu, muna tsaron wata gada cikin damina. Kwana ɗaya kafin nan an kashe mana mutum biyu, ɗayansu tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Aka kamo wani yaro, bai wuce sha biyar ba, da buhun rogo a ka, silifas ɗinsa wari da wari. Aka ce tabon kafaɗarsa na igiyar bindiga ne. Hafsanmu ko kallona bai yi ba ya ce, "Kofur, kai shi bayan daji ka sallame shi." Na gane, kowa ya gane. Wallahi zuciyata ma tana son in yi, don jinin abokina bai bushe a rigata ba. Yaron ya riƙa kallon takalmina, leɓensa na rawa, fitsari na bin ƙafarsa.

Na ƙame na sara, na ɗaga murya yadda mutum shida da ke wurin za su ji: "Oga, ban gane ba. In sake shi ne, ko in harbe shi?" Ya kasa furta kalmar. Ya zage ni, ya wanke ni da mari, na kwana uku a gadirum, igiyata ta gaba ta yi shekaru ba ta zo ba. Yaron kuwa aka sa shi a mota aka kai hedikwata da ransa.

Ba don in yabi kaina na faɗa ba, don akwai wani dare dabam. An wuce da mutum biyu ta gabana, na ji ƙara biyu a bayan gini, na sunkuyar da kai na ci gaba da goge bindigata. Ba ni na harba ba, ba ni na ba da oda ba. Yau shekara fiye da ashirin, kusan duk sujadar da zan yi sai na roƙi gafarar wannan shirun. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma ba ya tambayar igiya nawa ke kafaɗarka.

Ba zan yi maka alƙawarin za a yaba maka ba. A ƙauyen My Lai na Biyetnam, ranar 16 ga Maris, 1968, sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan mata da yara da tsofaffi. Wani matuƙin jirgi mai saukar ungulu, Hugh Thompson, ya sauke jirginsa tsakanin 'yan'uwansa sojoji da mutanen ƙauyen, ya ce wa yaransa su buɗe wa sojojin wuta idan suka taɓa mutanen ƙauyen. Ya sha tsangwama a ƙasarsa, sai 1998 aka ba shi lambar yabo, bayan shekara 30. Laftanan William Calley, wanda aka samu da laifin kashe mutum 22, 'yan shekaru ya yi tsare a gida aka sake shi.

Kai ɗan Jos ne, ba sai an kai ka Biyetnam ba. A rikicin Nuwambar 2008 an ba da odar harbin duk wanda ya karya dokar hana fita, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mutum fiye da 130 da ta ce jami'an tsaro ne suka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Tambayi manyan unguwarku. A Zaki Biam, 2001, an kashe sojoji 19, kisan da ya ƙona ran kowane mai kaki, amma waɗanda aka tara aka harbe don ramuwa ba su ne aka gurfanar aka tabbatar wa laifi ba. Yawancin ɓarnar da na sani daga fushin makoki ta fito, lokacin da kowa ke kuka babu mai cewa a dakata.

Idan ranar ta zo maka, kada ka juya wa kowa bindiga, kada ka gudu, kada ka yi rashin kunya. Ka nemi a maimaita odar da kalmomi bayyanannu a gaban shaidu. In an maimaita, ka ce ba za ka iya ba, ka faɗi dalili a taƙaice. Ka riƙe rana da wuri da sunayen waɗanda ke nan, ka kai rahoto sama da zarar ka samu hanya. Kuma tun yanzu za ka yanke wannan shawara, kana kan tabarmar mahaifiyarka, don a bakin gada babu lokacin tunani.

Ka karanta wa mahaifiyarka wasiƙar nan, ka gaishe ta. Kafin ka hau motar Zariya ka nemi lambata a gidan rediyon, na bar musu ita saboda kai. Ina son in ga fuskarka, in sa maka albarka.

Naka,
Tsohon samanja, Jos