A daina zubar da takardun tsofaffin sojan Bama

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da waɗanda kakanninsu suka je yaƙin Hitila.

A gidanmu abin da muka tashi muna ji shi ne Kaka "ya je Bama". Ina yaro na ɗauka Bama ta Borno ake nufi, har ina mamakin irin kukan da aka ce an sha ranar tafiyarsa. Ashe ƙasar da yau ake kira Myanmar ce. Bara, bayan rasuwar gwaggona, muka buɗe tsohuwar adakarta. Can ƙarƙashin zannuwa, a ƙulle cikin tsumma, sai ga lambar yabo ta yaƙi, tauraron tagulla mai tsini shida, da ɗan littafin sallamar Kaka daga soja wanda gara ta ci gefensa. Tauraron babu suna a jikinsa. Littafin ne ya fid da mu, don yana ɗauke da lambarsa ta soja mai farawa da NA, da kuma bataliyarsa.

Wannan lamba ita ce komai. Turawa kan rubuta soja da sunansa da sunan garinsu kawai, sai ka tarar da mutum goma suna ɗaya. Wasu ma da sunan aro suka shiga don kada iyaye su biyo sawu.

Kaka yana bataliya ta 12 ta Nigeria Regiment, ɗaya daga cikin ukun da aka ware daga runduna ta 81 aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, suka yi yaƙi a Bama a 1944. Shekara nawa ina wucewa ta gaban Barikin Chindit a Zariya ban san sunan ya shafi gidanmu ba! Littattafan da bataliyoyi ke rubuta abin da ya faru kullum suna ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta Birtaniya da ke Kew, a Landan, sai dai ba kasafai suke ambaton ƙaramin soja ba. Wanda nasa bai dawo ba ya duba shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar kula da kaburburan sojan yaƙin duniya, a intanet, kyauta ne. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma da 'yan Najeriya a ciki.

Abu ɗaya dai: a hukumance ana cewa da son ransu suka shiga. Gwaggo kuwa har ta rasu cewa take dagaci aka ce ya kawo samari, ya nuna Kaka. Ni maganarta na fi yarda da ita.

Edita, don Allah ku buɗe fili iyalai su riƙa aiko da hoton waɗannan littattafai, musamman gabanin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Na wani maƙwabcinmu jikoki ne suka hura wuta da shi.

Naka,
Mai karatu daga Zariya