Sanarwa kan gidajen da ke karɓar kuɗin LEAP

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da ƴan uwa na Aboabo da Asawase.

Ranar Lahadi bayan la'asar za mu zauna a ƙofar masallacin unguwa, in sha Allah, kan gidajenmu masu karɓar LEAP, wato tallafin kuɗi na gwamnati ga gidaje masu fama da talauci. Tun 2008 gwamnatin Gana ke biyan wannan tallafi, duk wata biyu, yanzu ta katin cire kuɗi na e-zwich. Alheri ne, amma kowa ya san kuɗin kan ƙare a buhun gawayi da bashin mai shago kafin sati ya zagayo.

Shawarar kwamiti ita ce mu kafa adashi, kowane zagaye a ɗora mutum ɗaya kan sana'a. Mai koko da ƙosai a saya mata tukunya da gero, mai waakye a haɗa ta da dillalin shinkafa a kasuwar Kejetia ta Kumasi. Kaya za a saya, ba za a damƙa tsaba ba. Kada wani ya ji haushi, kuɗi a hannu mai biki da mai suna duk sun san hanyarsa.

Masu ɗinki, kanikawa da masu walda, muna roƙon kowa ya ɗauki yaro ɗaya koyon aiki, a sassauta kuɗin shiga.

Tsofaffi da naƙasassun da ba sa iya aiki, ba wanda zai ce su bar tallafinsu.

A zo da Ghana Card, wato katin ɗan ƙasa, da katin inshorar lafiya na NHIS. Masu LEAP kyauta ake musu rajistar inshorar lafiya, za mu duba waɗanda nasu ya mutu a sabunta.

Don Allah kada a turo sunan kowa a nan, a sami sakatare a keɓe.