Wasiƙa daga Padova a kan farin dutsen Kawu

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Na turo Yuro 250 ta hannun da aka saba. Na maganin Inna ne da kuɗin makarantar Auta. Ko kwabo kada ya shiga maganar haƙar dutse.

Labari ya iso ni cewa wani ya kawo wa Kawu farin dutse daga bayan gari, wai dolomayit ne (dutse mai kama da farar ƙasa, amma mai ɗauke da sinadarin magniziyam) irin na nan Italiya, har ana batun haɗa kuɗi a kama fili. An ce ma da sunana ake tallar abin, raina ya ɓaci ƙwarai. Yanka dutse da gwada shi ne aikina, don haka ka karanta wa Kawu wannan a tsanake.

A fara tabbatarwa ko dolomayit ɗin ne. Ka fasa dutsen, ka ɗiga asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 a sabon fashin. In farar ƙasa ce, nan take za ta tafasa da kumfa. Dolomayit shiru yake yi, sai an kankare shi da wuƙa ya zama gari sannan ya ɗan motsa. Ka lura, jijiyar kalsayit, wato sinadarin farar ƙasa, kan ratsa dutsen, ita ce za ta yi kumfa ta ruɗe ka, saboda haka a gwada wurare da dama. In ko garin ma bai motsa ba, wataƙila dutsen ƙanƙara ne kawai.

To ko da ya tabbata, cewa "irin na Italiya ne" magana ce babba. Shimfiɗar dutsen da ake nufi Dolomia Principale ce, wadda ta yi kololuwar tsaunukan Tre Cime di Lavaredo a arewacin Italiya, kaurinta a wasu wurare ya haura mita 1,000. A Ostiriya da Jamus Hauptdolomit suke ce mata. Ba launi aka duba aka ce ɗaya suke ba. Ana zaɓar wurin da shimfiɗa ta bayyana sarai, a auna ta daga gindi zuwa kai, a rubuta abin da ke ƙarƙashinta da na samanta, sannan a ba ta suna. Sai a je ɗaya ƙasar a ga ko jerin bai canza ba, ko burbushin halittun ma iri ɗaya ne, musamman ƙumbar megalodon, wadda shatarta a jikin dutse kamar sawun kofaton saniya take.

Gane shekarun dutsen ne mai wuya. Asalin dutsen farar ƙasa ce ta gaɓar teku, ruwa mai magniziyam ya ratsa ta ya sauya ta, ya shafe yawancin burbushin da za a dogara da su. Shi ya sa ake neman tokar aman wuta a cikin jerin, a tsamo ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zirkon, a auna yuraniyom nawa a cikinsu ya rikiɗe ya zama darma, daga nan a gane shekarunsu. Koren tokar nan da ake kira Pietra Verde ta ba da kimanin shekara miliyan 240, kuma can ƙasa take, ke nan dolomayit ɗin ƙanenta ne. Ana sa shi tsakanin kimanin miliyan 230 da 210.

Farar ƙasarmu ta Kalambaina kuwa ba ta wuce miliyan 60 ba. Ina suka haɗu? Kuma in siminti Kawu yake hange, dolomayit ma cikas ne: mai kyansa na ɗauke da magniziya, wato magniziyam haɗe da oksijin, kusan kashi 22 cikin 100, masu siminti ba sa son ta wuce 5 a kayansu.

Na san Kawu ne ya sayar da shanunsa na yi karatu, ban manta ba, wallahi kunya nake ji ina hana shi abu daga nesa. Ka lallaɓa shi, kada ka ɗaga masa murya. Ku ɗebi gutsure uku daga wurare daban-daban, kowanne kamar dunƙulen hannu, a rubuta inda aka ɗauko shi, a kai sashen nazarin duwatsu na jami'a. Kuɗin gwajin ni zan biya a wata mai zuwa, daban.

Sanyi ya shigo amma da sauƙi, ka ce wa Inna ina cin abinci. Ka turo min hoton takardar magani da rasit ɗin makaranta ranar da ka karɓi kuɗin. Na sake faɗa, ba na dutse ba ne.

A gaida Gwaggo da yara.

Yayanka