Rahoton Ayyukan Shekarar Karatu ta 2024/2025 ga Rassan Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Iyaye da Malamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malamanmu, da shugabannin rassa na ƙananan hukumomi, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar karatu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a cikinta, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa na jiha ya yi da amanar da kuka ɗora masa.

Da maganar kuɗi za mu fara, domin a nan ƙorafi ya fi yawa. A makarantu da dama uba ba ya jin ɗuriyar ƙungiya sai ranar da aka koro masa yaro gida saboda kuɗin PTA. Ba a kira shi taro ba, bai ga rasit ba, bai san inda na bara ya shiga ba. Alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara cur, kyauta ne kuma dole ne. Abin da iyaye ke haɗawa gudummawa ce ta ganin dama, ba shi ne izinin shiga aji ba. A kan haka babban taron bara ya yanke cewa ba za a sake korar yaro a kan wannan kuɗi ba, ba za a karɓi ko sisi ba tare da rasit ba, kuɗin zai zauna a asusun banki da sa hannun shugaba da ma'aji, kuma a ƙarshen kowane zango a karanta lissafi da babbar murya a gaban iyaye.

Kwamitin binciken kuɗi ya zagaya rassa don ganin ko an bi wannan. Alhamdu lillahi, yawancin ma'ajinmu mutanen kirki ne masu aikin sa-kai, wasu ma daga aljihunsu suke cike giɓi. Amma an tarar da inda hedimasta shi ne mai karɓa, shi ne mai ajiya, shi ne mai kashewa. An tarar da reshen da duk lissafinsa yana cikin wani tsohon littafin rubutu na ɗan aji uku, ruwa ya jiƙa rabinsa. Akwai kuma inda aka ranta wa wani kuɗin ƙungiya ya sayi hatsi da kaka, wai in ya yi tsada a raba riba. An dawo da kuɗin, an sake zaɓe a reshen. Wasu dattawanmu sun ji zafin wannan bincike, suna ganin zargi ne. Muna ba su haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma ku da kanku kun shaida: duk inda aka fara karanta lissafi a fili, taron iyaye ya daina zama na mutum biyar a ƙarƙashin bishiya, har masu cewa ba su da shi sun fara kawo ɗan abin da ya sawwaƙa.

Mafi yawan abin da aka tara ya tafi ne a gyara: rufin da iskar farkon damina ta kwashe, benci, makewayi, famfon rijiyar burtsatse. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin da a da zai rufe aji guda yanzu da ƙyar yake sayen bandir ɗin kwano da kusoshi. A wata makaranta magina da kafintocin unguwa ne suka yi aikin kyauta ranar Asabar, mata suka kawo kunu da ƙosai. Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, gina aji ba aikin iyaye ba ne. Doka ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta kafin ta karɓa. Hukumar ta sha faɗa da bakinta cewa biliyoyin naira na nan jibge saboda jihohi da dama ba su kawo nasu ba. Mai sayar da itace yana cire ɗari biyu don a liƙe rufi, kuɗin rufin kuma na kwance a Abuja! Mun rubuta wa hukumomin da abin ya shafa, mun kai ziyara, mun kuma miƙa batun ga uwar ƙungiya ta ƙasa. Ba za mu bar maganar ba.

Tsaro kuwa, babu uban da ya manta satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a 2020, ko Jangebe a 2021, ko Kuriga a watan Maris na 2024. Har yau akwai waɗanda suka cire 'ya'yansu mata daga makarantar kwana ba su mayar ba, kuma ba mu ga laifinsu ba. Abin da ƙarfinmu ya kai kaɗan ne: alawus ɗin masu gadi, ɗaga katanga a inda ta rushe, da haɗa lambobin wayar hedimasta, mai unguwa da jami'an tsaro mafi kusa a hannun kowane reshe. Sauran yana wuyan gwamnati, wadda ta amince da yarjejeniyar kare makarantu tun 2015.

Aikin da ya fi faranta mana rai bana na iyaye mata ne. Su suka ɗauki rajistar aji suka duba, suka ga sunayen da ake sa wa alamar fashi duk ranar kasuwa, kusan duka 'yan mata masu talla. Ba su je da faɗa ba. Gida-gida suka bi da yamma, suka zauna a tabarma da uwar yarinya, domin sun san farantin nan shi ne cefanen gidan, shi ne kuma kayan ɗaki. A wasu gidajen an daidaita a kan talla sai bayan an tashi makaranta. A wasu an sa uwar cikin adashi don ta samu jarin sana'ar cikin gida. Namiji ba zai iya wannan ba, ko zaure ba zai wuce ba. Shi ya sa muke roƙon kowane reshe ya ba mata kujeru na gaske a shugabancinsa da kuma a kwamitin kula da makaranta na al'umma, wato SBMC.

Jarrabawa ta ba iyaye wahala. An shiga shekarar da fargabar hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga jami'a, kafin sabon ministan ilimi, Tunji Alausa, ya mayar da shi 16. A ƙarshen Mayun 2025 duk ƙasa ta ga hotunan ɗalibai suna rubuta Turancin WAEC cikin dare da fitilar waya. Da sakamako ya fito a watan Agusta, an ce kashi 38.32 ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki aka gyara zuwa 62.96. Yanzu ga shirin mayar da jarrabawar kan kwamfuta. Ba ma adawa da ci gaba, amma akwai ɗalibanmu na ajin ƙarshe da hannunsu bai taɓa sauka kan kwamfuta ba, a makarantun da ko wuta babu. Matsayinmu shi ne a fara kawo kayan aiki da mai koyarwa.

Malamai, mun san halin da kuke ciki. Mun sa baki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya iso ga malaman firamare na kowace ƙaramar hukuma. Batun almajirai da makarantun rugage kuwa bai samu hannu ba bana, mun sa shi a gaba cikin aikin baɗi.

Kafin babban taro, kowane reshe ya aiko da lissafin zango uku da sa hannun masu bincike, da jerin azuzuwan da ba su da rufi ko benci haɗe da hotuna, domin da su za mu koma wurin hukuma. A zo da wakilai mata. Za a sanar da rana da wuri ta hannun shugabannin shiyya.

Wassalam.

Sakataren jiha, a madadin kwamitin zartarwa