Wasiƙa ga Yaya: Maganar Boila da Kuɗin Rufi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna da iyali gaba ɗaya. Mu nan Alhamdulillahi, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Saƙonka kan rufin ɗakin Inna ya iso. Na ga gara in rubuto a tsanake, don a waya ba ma gama zance. Kuɗin kwanon da na yi alkawari ba zai zo duka a watan nan ba. Rabi zan turo yanzu, ragowar sai Janairu in Allah ya yarda. Boila ce ta shiga tsakani.

Boila tukunyar ƙarfe ce da ke ƙona mai ta zafafa ruwa, injin turi ya kora ruwan ta bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa da ke manne a bangon kowane ɗaki, su kuma su ɗumama gidan. Man kuwa kananzir ne, Yaya, shi dai wanda muka sani. Gidajen da ke ɗumi da shi a nan Ireland ta Arewa, inda muke zaune, sun fi rabi. An kawo bututun gas cikin garin Omagh, amma bai iso ƙauyenmu ba. Boilar da muka tarar a gidan ta tsufa, shan mai take yi ba ɗumin kirki, mai dubawa ya ce gyaranta zubar da kuɗi ne, sai dai a saka sabuwa.

Kada ka auna sanyin nan da hunturun gida. Wannan jiƙaƙƙe ne, a Disamba wajen ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. In gida bai samu ɗumi ba bango ya yi fumfuna, yara su kama tari, in ƙanƙara ta sauka ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi. Shi ya sa nake so a gama kafin Nuwamba.

Da yake kai magini ne, ga inda zai ba ka sha'awa. Ashe tankin mai ya fi boilar kanta ƙa'ida. Namu tsohon roba ne mai bango ɗaya, rana ta ci shi har ya yi fari, gefensa ya fara tsattsagewa. Sabon zai zama tanki cikin tanki: na wajen dole ya iya ɗaukar kashi 110 cikin 100 na abin da ke cikin na ciki, don ko ya huje kada mai ya shiga ƙasa. Malalar mai a nan babbar masifa ce, sai an haƙe ƙasar wurin an kwashe, in ta kai rafi ko gidan maƙwabci kuma, sai abin da Allah ya yi. Daɓen da za a ɗora shi kankare ne mai kaurin santimita 10, ya zarce tankin da santimita 30 ta kowane gefe. Tsakaninsa da taga ko ƙofa mita 1.8, tsakaninsa da shingen katako santimita 76. Mai aikin ya durƙusa cikin ciyawa da tef ɗinsa ya auna, ya ɗago ya ce inda tsohon yake bai yi ba, sai an matsar da shi can ƙarshen fili an ja sabon bututu ta ƙarƙashin ƙasa. Na so a ce kana kusa, da daɓen nan ba zan biya kowa ba.

Aikin ba na kowane mai gyaran famfo ba ne. Ana neman wanda ke da rajista da OFTEC, ƙungiyar da ke tantance masu aikin boilar mai, sannan a sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma. Wani da na fara kira ya dage sai in ɗauki babbar boila, mai kilowat 26 (da kilowat ake auna ƙarfinta), ko ɗakunan bai leƙa ba. Wanda na tsayar ya zagaya gidan, ya duba tagogi da rufi, ya ce mai kilowat 15 zuwa 21 ta wadatar. Hujjarsa ta shige ni: in boila ta fi ƙarfin gida, kunnawa da mutuwa za ta yi ta yi, mai na tafiya a banza.

Sabuwar boilar irin ta zamani ce, mai tatsar zafin da ke cikin hayaƙi kafin ya fita, don haka fiye da kashi 90 cikin 100 na man ɗumi yake zama. A waje za a kafa ta cikin akwatinta, maman yara ta ce ba ta son wari a kicin. Tankin ruwan zafi na sama za mu bar shi, saboda wanka da alwalar asuba. Za a kuma saka ƙararrawa mai jin gubar hayaƙi, irin gubar da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki.

Bayan an gama kuma sai a cika tanki. Mota ce ke kawowa, yawanci lita 300, 500 ko 900, kuma wanda ya sayi kaɗan shi ke biyan lita da tsada. Farashin ba ya zama wuri ɗaya. A 2022, da Rasha ta afka wa Yukren, cikin 'yan makonni ya yi tashin gwauron zabo, har yau mutanen nan ba su daina zancen ba. Ɓarayin mai ma akwai su, da dare suke zuƙewa, kwaɗo na cikin lissafi.

Ka tambayo mini kuɗin bandir ɗin kwano a yanzu. In rabin zai isa katako da ƙusa a fara da su, tunda damina ta wuce. Inna kuma ka bari ni zan yi mata bayani da bakina ranar Juma'a, kada ta ji a wani wuri ta ɗauka wata matsala ce ta same mu.

A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Maman yara tana gaida Anti da yaran duka.

Wassalam,
Ƙaninka