Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Karatu, Daga Magatakarda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata.

Ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare, da abin da muka ɗauko ba mu kai ba, da dalilin rashin kaiwar. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana hannun Ma'aji, shi zai karanta ranar babban taro. Ni zan taɓo kuɗi ne inda ya tare mana hanya.

Zaman wata-wata duk an yi, in ban da na watan azumi da muka saba ɗagawa, kwamiti ma ya zauna yadda ya saba.

Zangon farko na siyasa ne. Mun haɗa Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975, da Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, muka rufe da waƙar Malam Sa'adu Zungur ta Arewa Jumhuriya Ko Mulukiya. Karatun ya yi armashi, sai dai zama na biyu ya rikiɗe ya koma musun jam'iyya, kowa yana laƙaba wa abokin hamayyarsa sunan dabba daga cikin littafin, har wasu dattawa suka tashi kafin a yi addu'a. Shi ya sa kwamiti ya kafa dokar cewa duk mai magana sai ya nuna shafin da ya dogara da shi. Wasu sun ji haushi, sun ce an toshe musu baki. Ba a toshe bakin kowa ba. Mai son musun jam'iyya yana da majalisa a kowace unguwa, mu littafi ya tara mu.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne ranar littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda muka yi bayan babbar salla a zauren makarantar da aka ara mana. Da farko ma an yi ja-in-ja a kwamiti, wasu na ganin littafi ne ƙarami da kowa ya karanta a makaranta, ba zai tara jama'a ba. Alhamdu lillahi, kujerun da muka yi haya ba su isa ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi a gaba don ɗaliban da malamansu suka kawo.

Tsohon hedimasta daga cikin iyayen ƙungiya ne ya buɗe da tarihin littafin. Ya tuna mana gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933 a hukumar fassara ta Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, da kuma Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, yana saurayi ne malamin makaranta a Bauchi lokacin da ya rubuta shi, ba a ko mafarkin zai zama Firayim Minista a 1957. Da yawa daga cikin yaran sun san sunansa a jikin takardar naira 5, amma ba su san ya taɓa rubuta labari ba.

Daga nan Baba hedimasta ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya karanta wurin da fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, sharri har aka kore shi daga Kagara, sannan ya tsallaka zuwa inda mahaifiyar Umar ta bar komai ta shiga duniya neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar. Ya yi karatun da irin muryar malaman da, yana ba kowace gaɓa haƙƙinta. Mai sayar da ruwa a bakin ƙofa ma sauke tirenta ta yi ta tsaya.

Baƙon da muka gayyato, malamin tarihi a jami'a, wanda ya zo da kuɗin motarsa bai karɓi ko sisi ba, shi ya ɗora labarin a kan tarihi. Ya sa wani ɗalibi ya zana taswira da alli a kan allo, ya nuna manyan hanyoyin ayari biyu: wadda ke tashi daga Kano ta bi Damagaram da Agadas da Gat zuwa Gadamas, da wadda ke tashi daga Borno ta bi Bilma da Murzuk, dukkansu su faɗa Tarabulus. Sannan ya kawo abin da ya sa zauren ya yi tsit. Dokar da Gwamna Lugga ya fitar a 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba, amma ba ta kwance waɗanda ke cikin bauta kai tsaye ba, kuma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ke nan lokacin da littafin ya fito a 1934, akwai waɗanda har yanzu sunan bawa bai fita daga kansu ba a dokance. Ya ce mai son bin diddigi ya nemi Slow Death for Slavery na Lovejoy da Hogendorn, na 1993. Ya kuma karanto mana daga labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, inda tsohuwar ke bayanin rinjin gidansu, wato ƙauyen bayi, da yadda mahara ke kama mutane sai an kai fansa.

Tambayar da ta fi ƙarfi daga wata ɗaliba ta fito, daga kan tabarma. Ta ce me ya sa Umar ya faɗa hannun Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe shi kamar ɗa, ya samu gata da ilimi har ya zama shaihi mai almajirai a Rauta, ita kuwa uwar ba ta ga komai ba sai wahala har ajalinta? Marubucin yana sassauta wa bauta ne ko yana tona mata asiri? Malamai biyu suka rabu a kai. Ni dai ra'ayina, wanda ya karanta babin uwar da idon basira ba zai ce an sassauta ba, duk da cewa Ɓalewa bai ɗaga murya a ko'ina ba. Ana cikin haka sai Hajiya, ɗaya daga cikin iyayenmu mata, ta ce kakarta tana da tsaga a fuska wadda ba irin ta danginsu ba ce, kuma har ta rasu ba a taɓa faɗa musu garinsu ba. Ta ce sai a ranar ta gane abin da manya ke ɓoyewa. Wannan magana kaɗai ta biya mu wahalar shirin. Muna godiya ga 'yan uwa mata da suka ɗauki nauyin zoɓo da cincin daga aljihunsu, da matasan da suka share zauren suka mayar da kujeru bayan magariba. Mun so haska fim ɗin da Adamu Halilu ya yi daga littafin a 1976, amma ba mu samu kwafi mai kyau ba.

Yanzu sai abin da bai yiwu ba, don na san ana ta maganarsa a bayan fage.

Karatun Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tsaya a tsakiya. Mun kai daidai wasiƙun da aka yi musaya da Shehu Laminu na Borno, inda yake tuhumar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Bello kuma yana mayar masa da martani. Nan ne zuciyar littafin ga mai son fahimtar siyasar wancan zamani. Malamin da ke warware mana Larabcin an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Littafin da aka rubuta a 1812, cike da ƙa'idojin fiƙihu, ba a miƙa shi ga duk wanda ya ɗaga hannu, kuma kwamiti ya zaɓi a dakata a kan a yi wa malaman nan biyu fassarar da ba su faɗa ba. Wani malamin ya yarda ya ci gaba, abin da ya nema kuɗin mai ne kawai, shi ma asusu ya kasa.

Haka zancen ɗakin karatu. An ba mu ɗakin kyauta, kafinta ya auna kanta, an sayi katako. Kuɗin aikin hannu da na gyaran rufi ne babu, kuma ba za mu jera littattafai a ɗakin da ke yoyo da damina ba. Waɗanda suka ce a taɓa kuɗin taimakon gaggawa su sani tsarin mulkinmu ya hana, kuma bana an yi rasuwa a gidajen membobi da wannan asusun ya yi amfani. Littattafan suna nan cikin kwali a gidan Malam Shugaba, iyalinsa na haƙuri da mu.

Zangon tarihin Katsina kuwa ko farawa ba a yi ba. Kwafi ɗaya muke da shi na The Transformation of Katsina na Dakta Yusufu Bala Usman, bugun 1981, wanda marigayi ɗan uwanmu ya bar mana, da rubutunsa na fensir a gefen shafuka. An are shi tun kafin azumi, ba a dawo da shi ba. Mun zaga shagunan littattafai ba mu samu wani ba. Akwai kuma The Sokoto Caliphate na Murray Last, da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, duk suna waje. Sunayen masu aron suna cikin rajista da sa hannunsu. Ban rubuta su a nan ba don mutunci, amma ranar taro zan zo da rajistar.

Tushen duk wannan kuɗin wata ne. Ba a ƙara shi ba tun kafuwar ƙungiya, duk da yadda farashin takarda da na mota suka tashi, amma waɗanda suka biya shekarar cif ba su kai rabin masu rajista ba. Na san halin da ake ciki, kuma wanda ya zo ya ce ba shi da hali ba a taɓa kunyata shi ba, akwai ɗalibai da 'yan fansho da kwamiti ya yafe wa. Damuwata masu hali ne. Mutum yana cikin zaurenmu na WhatsApp, kullum shi ne farkon tambayar a turo masa littafi a waya, shi ne mai sukar littafin da aka zaɓa, amma ba ya zuwa zama, ba ya biya, in an kira shi ya ce yana hanya. Ni da Ma'aji aikin sa-kai muke yi, muna da iyali da sana'a kamar kowa, kuma bin magidanci bashi a ƙofar masallaci ba abu ne mai daɗi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutanen da ke ɗaukar ta kuwa su ne dai na bara da na bara waccan.

Don haka kwamiti zai kawo shawarwari a kaɗa ƙuri'a: wanda ake bi bashin wata 6 ba tare da uzuri ba a dakatar da shi daga aro da zaɓe, littafin da kwafinsa ɗaya ne a daina fita da shi, a karanta a wurin, sannan a buɗe gudummawa ta musamman don rufin ɗaki kafin ruwan farko. An kuma ba da shawarar ranar shekara mai zuwa ta zama ta marubuta mata, a faro daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid na 1980. Mai wata shawarar ya rubuto kafin taro.

Babban taro yana nan Asabar ta ƙarshen wata, bayan la'asar, a inda muka saba. Za a yi zaɓen sabon kwamiti, har da kujerar magatakarda. A zo da katin biya da duk littafin ƙungiya da ke gida.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin kwamiti.