Wasiƙa ga ɗana: ka duba da kyau kafin ka ce wane ne

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, labari ya iso mana cewa an mayar da kai sashen binciken laifuka. Allah Ya sanya albarka, Ya ba ka ikon riƙe amana. Ƙaninka zai kawo maka littattafan Sherlock Holmes, ƙagaggun labaran nan na mai binciken laifuka, da ke cikin akwatina. Ina so ka karanta su yanzu, tunda ka kai matsayin da rubutun hannunka zai iya jefa bawan Allah a gidan yari.

Mai rubuta su, Arthur Conan Doyle, likita ne. A Edinbara ya yi karatu, a gaban wani malami mai suna Joseph Bell, wanda kan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa tun bai buɗe baki ba, daga kantar hannunsa da irin tafiyarsa. Halin wannan malami ya ɗora wa Holmes a 1887. Ka ga ke nan ba duba ba ne, ba tsafi ba, lura ce kawai da aka horar.

Akwai inda Holmes ya tambayi abokinsa Watson yawan matakalan benen da suke hawa kullum. Watson bai sani ba, alhali ya taka su ba adadi. Guda 17 ne. Yawancinmu haka muke, ido a buɗe amma hankali yana wani wuri. A wani labarin kuma, an fitar da dokin sukuwa daga barga da daddare, kowa ya dukufa neman baƙon da ya shigo. Holmes shi kaɗai ya tsaya a kan cewa karen bargar bai yi haushi ba. Kare ba ya yi wa na gida haushi, saboda haka wanda ya kwance dokin sananne ne a wurin. In ka je inda aka yi ɓarna, ka tambayi abin da ya faru, sannan ka tambayi abin da ya kamata ya faru amma bai faru ba.

Abin da ya fi damuna a kanka shi ne gaggawa, don na san zuciyarka da zafi in ka ga an cuci wani. Holmes yakan gargaɗi abokinsa cewa babban kuskure ne mutum ya tsai da ra'ayi kafin hujja ta zo hannunsa, domin daga nan zai fara lanƙwasa hujjar ta bi ra'ayinsa. Wannan ya faru da gaske a Ingila. A 1903, a ƙauyen Great Wyrley, an riƙa farke cikin dawaki da dare. 'Yan sanda suka kama wani matashin lauya, George Edalji, wanda mahaifinsa ɗan asalin Indiya ne, kuma tun kafin lamarin idonsu yana kan gidan. Aka yanke masa shekara 7, ya yi 3 a ɗaure. A farkon 1907 Doyle ya je ganawa da shi a wani otal a Landan, ya hango shi yana karanta jarida, ya kusa manna ta a fuska, yana kallonta ta gefe. Doyle ya san ciwon ido, nan take ya ce a ransa, mai irin wannan gani ta yaya zai ratsa gonaki cikin duhu ya cim ma doki? Ya bi maganar da rubutu a jarida har aka yi wa Edalji afuwa a shekarar, ko da yake ko kwabo ba a biya shi diyya ba. Masu binciken farko ma suna da ido, ɗana. Zato ne ya riga su isa wurin.

Kada ka ɗauka wannan hikimar Turawa ce kaɗai. Ka tuna Suratu Yusuf, inda mai shaida ya ce a dubi rigar: in ta gaba ta yage, matar ce mai gaskiya, in ta baya ce, Yusuf ne. Ya shimfiɗa ma'aunin tun kafin a duba, shi ya sa ba wanda ya iya murɗe sakamakon. Kai ma ka riƙa yin haka. Kafin ka buɗe jakar wanda ake tuhuma, ka faɗa wa kanka abin da in ka gani zai wanke shi.

Sai dai ka sani, a littafi marubuci ne ke jera alamu, kowace da amfaninta. A wurin aikinka za ka tarar da shaida mai tsoro, da mai ƙarya don kunya, da manya masu son a rufe fayil kafin magariba. Ranar da hujja ba ta kai ba, ka rubuta cewa ba ta kai ba, ko da oganka zai ɓata rai.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka daina wasa da cin abinci. In ka samu hutu ka leƙo mu. Allah Ya tsare ka, Ya yi maka jagora.

Wassalam,
Mahaifinka